Kafin Zakara Ya Yi Cara

Ɗan tsakon kazar Hausa, ranar da ya fito daga ƙwai, ba ya ɗauke da wata alama a sarari da za ta gaya maka namiji ne ko mace. Zanko bai taso ba, wutsiya babu, kuka kuwa iri ɗaya ne. Duk da haka da wuya ka shiga gidan da ake kiwon kaji ka rasa wanda zai ce maka shi ya san hanya. Wani zai kama tsakon ta ƙafa, kansa na kallon ƙasa: in ya yi ta fafutukar ɗagowa, namiji ne, in ya saki jiki, mace. Wani zai ɗaura zobe ko allura a zare ya rataya a bisa kansa, ya ga ko kewayawa zai yi ko kai-da-komo. Wata kuma ba ta ma jira a ƙyanƙyashe, tun kaza na kwanci za ta ce maka dogon ƙwai mai tsini zakara ne, kewayayye kuma kaza.

Wannan zance na ƙwai ya girmi kakannin kakanninmu. Aristotal, masanin nan na Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya taɓo shi a littafinsa na dabbobi, kuma yadda littafin ya iso mana cewa ya yi dogon ƙwai mai tsini shi ne mace, kewayayye namiji. Kolumela, wani Baroma da ya rubuta littafin noma da kiwo a ƙarni na 1 na Miladiyya, ya ce a'a, mai son zakaru ya zaɓi dogaye. Magana biyu masu karo da juna, kowacce ta yi shekaru wajen dubu biyu tana yawo, kuma kowacce tana da masu rantsuwa sun gwada sun ga daidai.

Dalilin ba shi da wuyar gani. Abu biyu ne kaɗai ke iya fitowa daga ƙwan, kuma kusan rabi da rabi suke fitowa. Ko mutum ya rufe ido ya ce duk maza ne, zai ci rabi. Ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta Usulu ya san matakan da ake jerawa: akwai yaƙini, akwai zato mai rinjaye, akwai shakka inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, sannan wahami can ƙasa. Zobe da zare ba sa ɗaga mai su daga shakka ko taki guda, bakin magana kawai suke ba shi. Ga kuma abin da ke rufa musu asiri: tsakin gida ba sa rayuwa duka. Shirwa ta ɗauki nata, muzuru ya ɗauki nasa, wani ya faɗa kwata, annobar hunturu ta share wasu. Wanda aka ce mace ce in ya mutu yana sati biyu, maganar ta bi shi. Waɗanda suka rayu sun cakuɗe a tsakar gida, ba mai tuna wanne aka ce me. In an dace, a yi ta ba da labari. In an kuskure, a ce ai ba wannan ba ne, wancan da shirwa ta ɗauke ne.

Da a nan zancen ya tsaya da na ce duk camfi ne na wuce abina. Wadda ta hana ni ita ce yayar mahaifina, wadda muka taso a hannunta a Zariya. Gwaggo ba ta rataya zobe, ba ta juya tsako. A kwanakin farko ma in ka tambaye ta sai ta ce, "Bari su yi fiffike tukuna, gaggawar me kake yi?" Amma da zarar sun kai sati biyu zuwa uku, tana watsa musu tsaki ko garar da muka tono mata, sai ta nuna da baki ta ce wancan zakara ne, wannan da wannan kaji. A wannan lokaci idon kowa bai ga komai ba. Alamomin da kowa ya sani suna gaba: zankon namiji kan fara girma da ja wajen sati huɗu zuwa shida, ƙafarsa ta yi kauri, gashin wuya da na gadon baya su fito da tsini da sheƙi wajen wata uku, cara kuwa sai wata huɗu ko biyar. Ita tana riga waɗannan duka, kuma ba kasafai take faɗuwa ba.

Na sha tambayarta, "Gwaggo, ta ina kike ganewa?" Amsarta ba ta wuce, "Kai ɗan nan, ba ka da ido ne? Dubi tsayuwarsa mana." In na duba, tsako nake gani a tsaye. Wata rana ta ce kai ne, wata rana ta ce ƙafa, wata rana ta ce rashin kunya ne ke idonsa. Ba ɓoye mini take yi ba. Iyakar abin da bakinta ya iya fitarwa ke nan daga abin da idonta ya gani.

To a nan tambayar take, kuma ta fi ƙarfin akurki. Wanda ya faɗi gaskiya, ya sake faɗa, ya sake faɗa, amma ya kasa kawo hujja, za a ce ya sani, ko dai sa'a ce ke binsa? Mu da aka rena da cewa kowace magana sai da dalili, yaya za mu yi da mai gaskiyar da dalilinsa ya maƙale a ido bai sauko harshe ba? In kuma muka buɗe masa ƙofa, da wace fuska za mu rufe ta ga mai zobe, da mai bugun ƙasa, da duk wanda ya ce shi dai jikinsa ne ya ba shi?

Akwai mutanen da wannan aiki shi ne abincinsu. A Japan, cikin shekarun 1920, wani likitan dabbobi mai suna Kiyoshi Masui da abokan bincikensa suka gano cewa in an matse tsakon kwana ɗaya ya zubar da kashi, aka buɗe duburarsa a hankali, akwai wani ɗan tsiro da bai fi kan allura ba wanda ya fi bayyana a namiji. Aka kai bayanin babban taron masu kiwon kaji na duniya a Otawa ta Kanada a 1927, aka buɗe makarantar koyon aikin a Japan, ƙwararrunta suka bazu gidajen ƙyanƙyasa na Amurka da Turai. Gwani a cikinsu yakan tantance tsaki wajen dubu a awa guda, kuskurensa bai wuce biyu cikin ɗari ba. Wahalar ita ce tsiron ba siffa ɗaya gare shi ba. Wata macen tana da shi, wani namijin nasa ya shafe, kuma daƙiƙa uku ko huɗu ne rabon kowane tsako. Yadda ake koyarwa shi ne abin lura: ɗalibi ya ɗauki tsako ya faɗi abin da ya gani, malami ya ce i ko a'a, a ɗauko wani. Haka za a yi ta yi wata da watanni har ido ya faɗa. Da yawa daga cikin gwanayen in aka tsare su da tambaya a kan tsako mai rikitarwa, ba sa wuce inda Gwaggo ta tsaya.

Masana falsafa a ƙasashen Turawa sun ɗauki wannan ma'aikaci sun mai da shi abin buga misali a muhawararsu kan ma'anar sani. Ɓangare guda na cewa ba a kiran abu sani sai mai shi ya iya shimfiɗa dalilinsa. Ɗaya ɓangaren na cewa muddin hanyar da ta kai shi ga maganar hanya ce mai yawan dacewa, ya sani, ko ya iya bayani ko bai iya ba. Robert Brandom na Jami'ar Pittsburgh yana cikin waɗanda suka tattauna misalin. Da labarin ya daɗe yana yawo a ajujuwa har gishiri aka ƙara masa, wai masu aikin suna zaton da ido suke ganewa alhali da hanci ne. Wanda ya taɓa ganin yadda ake aikin, a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi da fuska kusa da tsako, ya san aikin ido ne da yatsa.

Ni dai ban ga wanda ya warware wannan ƙulli kamar malaman Hadisi ba, shekaru fiye da dubu kafin a haifi masu wannan muhawara. A cikin fannoninsu akwai wanda ake kira Ilal, wato gano ɓoyayyar cuta a hadisin da zahirinsa lafiya lau: masu ruwaya amintattu, sarƙa ba ta tsinke ba, amma gwani ya saurara ya ce akwai matsala. Abdurrahman ɗan Mahdi, malamin Basra da ya rasu a 198 bayan Hijira, an ruwaito yana cewa wannan sani ya yi kama da ilhama, in ka tsare masaninsa ka ce daga ina, ba lalle ya iya kawo maka hujja ba. Ya kuma kwatanta shi da aikin mai canjin kuɗi, wanda ake miƙa wa dirhami ya ce wannan mai kyau ne wannan jabu, a karɓa ba gardama saboda daɗewarsa yana juya kuɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Wapa a Kano ya ga ɗan canji ya shafa takardar dala ya mayar wa mai ita ba tare da ya ce uffan ba, ya san abin da ake nufi.

Da sun tsaya a kan ilhama da sun bar mu cikin duhu, domin kowa ma na iya cewa an yi masa ilhama. Ba su tsaya ba. Hakim na Naisabur ya kawo labarin wani mutum da ya tambayi Abu Zur'a na Rayyu hujjarsu ta cewa hadisi kaza yana da illa. Abu Zur'a bai ce masa ya yi shiru don shi ba malami ba ne. Ya ba shi hanyar da zai kama su in ƙarya suke yi: ya kawo hadisi, shi zai faɗi illarsa, sannan ya tafi wurin Ibn Wara ya tambaye shi ba tare da ya gaya masa an riga an yi maganar ba, daga nan ya wuce wurin Abu Hatim. In bakinsu ya saɓa, to kowa son ransa ya faɗa. In ya zo ɗaya, to akwai ilimi a wurin. Mutumin ya je ya yi, ya tarar maganarsu ɗaya ce.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, gwanin da ba ya iya faɗin dalilinsa yana da wata hanya ta biyan bashin hujja: ya yarda a gwada shi, ta yadda in ya kuskure kowa zai gani. Ma'aikacin Japan yana da malami a kansa mai cewa i ko a'a, daga baya kuma yana da mai gona wanda zai dawo da ƙorafi in kajin ƙwai da ya saya sun fara cara. Gwaggo ma tana da nata alƙalan, ko da yake ba don haka ta naɗa su ba. Al'adarta ce ta ba kowane yaro a gidan tsako guda ya zama jarinsa, a kan in ta girma ta yi 'ya'ya a sayar a sayi akuya. Don kada a yi rigima sai ta ɗaura wa kowanne zare mai launi a ƙafa, ko ta shafa masa lalle a fiffike. Mace kowa ke so, domin zakara ƙarshensa tukunyar Sallah. Saboda haka duk tsakon da ta ce mace ce yana yawo da shaida a ƙafarsa, da kuma yaro mai bin sa da ido kullum. In ya fito da zanko, ranar ba ta da sakat, sai ta musanya masa da sagara daga cikin nata. Shekara da shekaru tana faɗa, ana kama ta, tana biya. Rana ba ta ƙarya, in ji Hausawa, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wannan kunyar ce ta wasa mata ido, kuma ita ce ta koya mata yin shiru a satin farko, lokacin da ta san idonta bai kai ba.

Sai a gwada ta da mai kwalin tsaki a bakin kasuwa. Yawancin tsakin gona da ake sayarwa a Arewa daga gidajen ƙyanƙyasa na Ibadan da kewayenta ake lodo su, hamsin-hamsin a kwali. Waɗannan an riga an tantance su tun can, domin kajin gona an haɗa irinsu ne yadda jinsi zai nuna kansa ranar farko: a wasu, mace ta fito ja-ja namiji fari-fari, a wasu kuma gashin fiffiken mace ya riga na namiji tsawo. Wannan dabara ba ta aiki a kan kajinmu na gida, da durgu da fingi da wake-wake duk sun gauraya ba mai sanin uban wani. Matan su ne masu tsada. Mazan kuwa araha ne, su ake rinawa kore da shuɗi a sayar wa yara. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa sayen irin waɗannan a hannun wani mai yawo da kwali, ya rantse mata mata ne zalla, har yana ɗaga su yana leƙa ƙarƙashinsu kamar gaske. Wata biyu bayan nan gidanta ya cika da zanko. Shi kuwa ko sunansa ba ta sani ba. Yadda ya yi maganar da yadda Gwaggo ke yi duk ɗaya ne a kunne, gajeriya, ba dalili, cike da tabbaci. Bambancin shi ne ita tana nan ranar da zakara zai yi cara, shi kuwa ya tsara kasuwancinsa ne yadda ba zai kasance a wurin ba.

Kada kuma a ɗauka abin da gwani ya kasa faɗa ba ya faɗuwa har abada. A 1987 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a Amurka, Irving Biederman da Margaret Shiffrar, suka zauna da wani tsohon ma'aikaci da ya shafe shekaru yana tantance tsaki, suka bi hotuna da shi har suka gano inda idonsa ke sauka da siffar da yake nema, ko wurin ya kumburo ko ya lotsa. Suka rubuta wannan a 'yar takarda suka ba mutanen da ba su taɓa aikin ba, nan take dacewarsu a kan hotunan ta yi tsalle. Malaman Ilal ma haka: Ibn Abi Hatim da Daraƙuɗni sun cika littattafai da bayanin illolin da magabatansu suka hango a dunƙule. Dalilin yana nan, harshe ne bai riske shi ba tukuna. Wannan ya sa nake ɗari-ɗari da duk gwanin da ke jin haushi in an nemi a bi sawun ganinsa. Na ƙwarai yakan so a gano, don ya huta da gardama.

Akwai masu ganin duk wannan leƙe-leƙe shisshigi ne a cikin gaibu. Na ji dattijon da ya hana jikansa tambayar ko tsako mace ne, ya ce a bar wa Allah saninsa. Niyyarsa mai kyau ce, amma tsakon da ke tsaye gabanka ba gaibu ba ne. Jinsinsa an gama shi tun kafin uwar ta saka ƙwan. Masana sun nuna cewa a tsuntsaye uwa ce ke ɗauke da ƙwayoyin gado iri biyu, waɗanda suke kira Z da W, zakara kuwa Z biyu gare shi, don haka daga ɓangarenta ake samun bambancin. Zafin kwanci ba ya sauya shi, saɓanin kada, wanda zafin ramin ƙwai ke yanke wa 'ya'yansa jinsi. A wurin mutane kuwa abin juye yake, daga uba bambancin ke zuwa, abin da ya kamata a riƙa tuna wa masu tsangwamar mace don ta jera 'ya'ya mata. Jinsin tsako dai abu ne da yake nan, rufe yake kawai, kuma Alƙur'ani a Suratul Hijri ya yabi masu lura da alamu.

Irin wannan ruɗani ya taso lokacin da na'urar hoton ciki ta shigo asibitocinmu, mutane suka ce yaya likita zai san abin da ke cikin mahaifa alhali ƙarshen Suratu Luƙman ya sa shi cikin abubuwa biyar da Allah ya keɓe wa kansa. Ibn Kasir, wanda ya rasu a 774 bayan Hijira, ya riga ya yi bayani a tafsirinsa cewa da zarar an yi umarni ɗan tayi ya zama namiji ko mace, mala'ikun da aka wakilta sun sani, haka ma wanda Allah ya so daga bayinsa. Abin da ya rage a rufe ya fi jinsi nisa: arzikinsa, da ajalinsa, da makomarsa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma akwai labarin Sayyidina Abubakar yana jinyar ajali, yana lissafa wa Nana A'isha magada, ya sa da cikin da matarsa 'yar Kharija ke ɗauke da shi, ya ce yana ganin mace ce. Aka haifi Ummu Kulsum. Abin da ke burge ni a labarin shi ne a matsayin abin da yake gani ya faɗe shi, bai ce ya tabbata ba, kuma magana ce da 'yan watanni za su gaskata ko su ƙaryata.

Boka da mai duba su ne suka ƙware wajen kauce wa wannan rana. Hadisin Nana A'isha a Bukhari ya siffanta su daidai: gaskiya guda a cakuɗe da ƙarya ɗari. A wata ruwayar an ƙara da cewa mutane sai su riƙe gudar nan suna cewa ai ranar kaza ya faɗa kuma ta faru. Lissafin mai zobe ke nan ba ragi ba ƙari, sai dai shi boka da rayuwar mutane yake yin nasa.

Shari'a ba ta ƙi ido mai gani ba. Larabawa suna da ƙiyafa, gane dangantaka ta kallon gaɓoɓi, kuma Banu Mudlij sun yi suna a kanta. Usama ɗan Zaidu baƙi ne, mahaifinsa Zaidu ɗan Harisa fari, masu tsegumi suna ta surutu. Wata rana Mujazziz, mutumin wannan ƙabila, ya shigo ya tarar da su biyun kwance sun lulluɓe kawunansu, ƙafafu kawai a waje, ya duba ya ce waɗannan ƙafafu jini ɗaya ne. Manzon Allah (SAW) ya shiga wurin Nana A'isha fuskarsa na walƙiya don murna. Ba a ruwaito an ce wa Mujazziz ya lissafo alamomin da ya gani ba. Shafi'i da Ahmad sun kafa hujja da wannan sun karɓi maganar mai ƙiyafa wajen tabbatar da nasaba, Malik ya karɓe ta a wasu wurare, Abu Hanifa bai karɓa ba. Waɗanda suka karɓa kuma sun sa sharaɗi: sai wanda aka jarraba aka ga yana dacewa. Littattafan fiƙihu har sun faɗi yadda ake jarrabawar, a sa yaron da aka san iyayensa cikin mutane a ga ko zai fitar da su.

Usaman nan dai shi ne a wani labarin da ya fi wannan nauyi. An tura su yaƙi wajen Huraƙa ta ƙabilar Juhaina, ya rutsa wani mutum, mutumin ya yi kalmar shahada, Usama ya soke shi. Da aka dawo ya kare kansa da cewa tsoron makami ne ya sa mutumin ya faɗa. Wataƙila ma hasashensa daidai ne, duk wanda ke wurin zai iya zaton haka. Amma Manzon Allah (SAW) ya tsananta masa, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba, ya yi ta maimaitawa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Ƙafar Usama an karanta ta an yi murna. Shi ya karanta zuciyar wani an yi fushi. Ƙafa tana da wurin komawa a duba. Zuciyar wanda aka kashe ba wata huɗu da za a jira ta nuna abin da ke cikinta.

Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a harkar yau da kullum akwai gaskiya a ciki, uwa takan gane ɗanta na da damuwa tun daga ƙofa. Amma wannan karin magana ta yi ɓarna a hannun masu ji da idonsu. Tsohuwa ta rame, idonta ya yi ja don hayaƙin murhu, yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta, shi ke nan an gane mayya ce. Baƙo ya shigo masallaci ya saki hannu ko ya kama, an gane ko shi wane ne da abin da ke ransa. Mai irin wannan gani zai ce maka shi bai taɓa kuskure ba, kuma ta wata fuska gaskiya ya faɗa, domin ba a taɓa kama shi ba, ba kuma yadda za a yi a kama shi. Ba zare a ƙafar kowa, ba sagarar da zai biya. Ido irin wannan ko ya shekara hamsin yana kallon mutane ba ya ƙara kaifi, tabbacinsa kawai ke ƙaruwa. Gwaggo kanta, Allah ya jiƙanta, da take da ido a kan kaji, in ta juya kan matan unguwa ta ce wance ba ta da alheri a fuska, ba na ɗaukar maganar da nauyin da nake ɗaukar ta akurki, domin a wannan fagen ba wanda ya taɓa ce mata i ko a'a.

Malamanmu na Malikiyya sun kai wannan taka-tsantsan har kujerar alƙali. Abin da ya shahara a mazhabar shi ne alƙali ba ya yanke hukunci da abin da shi kansa ya sani, sai da shaidu ko iƙirari, balle abin da ya hango a fuska. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, mutumin Ishbiliya da ya rasu a 543 bayan Hijira, da ya zo kan ayar nan ta Suratul Hijri a littafinsa na hukunce-hukuncen Alƙur'ani, ya yarda firasa, wato gane mutum ta alamomin da ke jikinsa, gaskiya ce, amma ya ce ba a gina hukunci a kanta. Ya ba da labarin wani babban alƙali a Bagadaza a zamanin tafiyarsa gabas, wanda ke yanke shari'a da firasa yana koyi da Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra da ake buga misali da basirarsa. Malamin Ibnul Arabi, Abubakar Shashi, ya rubuta ɗan littafi sukutum na raddi a kan wannan alƙali, ya ba ɗalibin nasa da rubutun hannunsa. Ba su ce alƙalin ba shi da basira ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne hanyoyin da ake tabbatar da hukunci sanannu ne a shari'a, an iyakance su, kuma firasa ba ta cikinsu.